Uwar sel a gidan ƙwan ƙuda: wa ke riƙe ta, wa ke sallamar 'yarta?

Jama'a, akwai wata tambaya da ta daɗe tana cin ran masana ilimin halitta, kuma ta shafi jikin kowannenmu ko da bai taɓa zama a ajin kimiyya ba. Jikin mutum kullum cikin asarar sel yake, wato ƙananan ƙwayoyin halittar nan da aka gina jiki da su. Jan sel na jini kamar kwana 120 yake yi ya mutu, waɗanda suka shimfiɗe cikin hanji ko sati ba sa cikawa, fata kuwa kullum cikin saɓa take. Toh daga ina sababbi ke fitowa? Daga wasu sel 'yan kaɗan ne da ake kira sitem sel, ni dai a nan uwar sel zan riƙa cewa. Aikinta ta rabu biyu, ɗaya ta tafi ta zama jini ko hanji ko ƙwai, ɗayar ta tsaya a matsayin uwa don gobe ma a samu mai haihuwa. Abin tambaya a nan, sel biyu ne daga tsatso ɗaya, ƙwayoyin gadonsu, wato umarnin halittar da ke rubuce a DNA ɗinsu, iri ɗaya sak, me ya sa ɗaya ta tsaya ɗaya ta tafi? Wa ya yanke wannan hukuncin?

Amsar da ta fi kowacce fitowa fili ba a jikin mutum aka same ta ba, ba kuma a ɓera ba. A jikin ɗan ƙaramin ƙudan nan ne mai jajayen idanu da ke yanyame mangwaro idan ya nuna ya fara lalacewa, ko ɓawon ayaba da aka yar, ko tumatirin da ya kwana a kwando. Ba ƙudan gida nake nufi ba fa, wannan tsawonsa duka-duka milimita 3 ne, masana na ce masa Dirosofila, kuma asalinsa ɗan Afirka ne kudu da Sahara, daga nan ya bi mutane da 'ya'yan itatuwansu ya watsu duniya. Tun zamanin Thomas Hunt Morgan a Jami'ar Kolombiya da ke New York, wanda ya tsinci ƙuda mai farin ido a 1910 ya gina ilimin gado a kansa har ya ci kyautar Nobel a 1933, ake kiwon ƙudan nan a kwalabe. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, abincinsa garin masara ne da siga da yis, daga ƙwai zuwa baligi kamar kwana 10 ne a ɗaki mai ɗumin digiri 25, sannan za ka iya lalata ƙwayar gado guda ɗaya tak a cikin sel ɗin da ka zaɓa, ka koma gefe ka ga abin da zai biyo baya.

Bari mu leƙa cikin macen. A ɗakin gwaje-gwaje sukan ba ta jiƙaƙƙen yis na kwana biyu ko uku don cikinta ya cika, sannan a sumar da ita da iskar kabon, a sa ta a ɗigon ruwan gishiri ƙarƙashin maikiroskof, a riƙe ta da ɗan hantsaki mai tsini a ja ƙarshen cikin da wani. Sai gidan ƙwai guda biyu su fito farare fat. Kowanne idan aka tsefe shi da allura sai a ga ashe ba dunƙule ɗaya ba ne, sili-sili ne guda 16 zuwa 20, kowane sili kuma layi ne na ƙwai a jere, na can ƙasa ya ƙosa yana jiran fita, na bayansa bai kai shi ba, haka suke ta ƙanƙancewa har a kai tsinin sama. Masana sun kasa girman ƙwan zuwa mataki 14. Wannan tsinin na sama shi ake kira jameriyom, kuma duk labarinmu a cikinsa yake.

A can ƙurewar tsinin akwai wasu sel fala-fala kamar 8 zuwa 10 da ke jere kan juna, su ne zaren ƙarshe. A gindinsu akwai wasu 5 zuwa 7 da suka cure wuri ɗaya, ana ce musu sel na hula saboda yadda suka rufe kan wurin, mu ce musu 'yan hula. Toh a jikin 'yan hular nan uwar sel ke manne, guda 2 ko 3 kacal a kowane sili. Sai 'yan rakiya, wasu sel da ke jere a bangon jameriyom suna miƙa dogayen hannuwa zuwa ciki suna rungume duk abin da ya zo wucewa. Mutanen gidan kenan, ka ƙirga su ɗaya bayan ɗaya ka gama. A ɓargon mutum uwar sel ta jini ɗaya ce cikin dubbai, ta ɓace a cikin taro, a nan kuwa da yatsa za ka nuna ta. Har alama take da ita, wani ɗan dunƙule zagayayye a cikinta mai suna sifektirosom, wanda yawanci yakan zauna ta gefen da ke taɓa 'yan hula, idan aka rina shi sai ka gan shi yana ƙyalli.

Idan abinci ya wadata uwar sel takan rabu kamar sau ɗaya a rana, kuma ba ta rabuwa ta inda ta ga dama. Sifektirosom ɗin nan yana riƙe da ɓangare ɗaya na zaruruwan da ke jan kromosom, wato ƙunshin ƙwayoyin gado, don haka rabuwar a miƙe take zuwa, ɗaya na jingine da hula, ɗayar an tura ta baya, tsakaninta da hula akwai jikin uwarta. Iyakar tazarar kenan, faɗin sel guda. Wadda aka tura baya sunanta sistobilas. Ita za ta rabu sau 4, daga 2 zuwa 4 zuwa 8 zuwa 16, amma ba a yankewa gaba ɗaya, kowace rabuwa sai an bar 'yar ƙofa mai zobe a tsakani, sai a samu tarin sel 16 da ke haɗe da juna ta ciki. Biyu ne kawai a cikinsu ke da ƙofa huɗu-huɗu, kuma ɗaya daga biyun nan ce za ta zama ƙwai. Sauran 15 masu raino ne, su yi ta ƙera furotin da sauran kayan da ɗan tayi zai buƙata suna turawa ta ƙofofin, daga ƙarshe su juye duk abin da ke cikinsu a ƙwan su mutu.

Tunanin cewa wurin zama ne ke riƙe uwar sel ba daga ƙuda ya faro ba. A 1978 Ray Schofield, wani mai binciken jini a Manchesta ta Ingila, ya kawo shawarar cewa uwar sel tana zama uwa ne muddin tana haɗe da wasu sel maƙwabta a wani gurbi na musamman, in ta bar gurbin sai ta kama hanyar zama wani abu daban. Hasashe ne mai kyau amma ba wanda zai iya buɗe ɓargo ya nuna maka gurbin a lokacin. A 1981 Judith Kimble da John White suka ƙona sel guda da hasken leza a tsinin gidan haihuwar wata ƙaramar tsutsa, sai duk sel ɗin haihuwa da ke bayanta suka daina ninkuwa suka balaga. Wannan ya ba da haske sosai. Amma a ƙuda ne aka zo aka warware abin dalla-dalla, wane sel, wane saƙo, wace ƙwayar gado.

A 1998 Ting Xie da Allan Spradling a Cibiyar Carnegie da ke Baltimore a Amurka suka nuna cewa akwai wani furotin mai suna Dpp wanda in babu shi uwar sel ba ta zama. 'Yan hula ne ke fitar da shi tare da ɗan uwansa Gbb, dukansu 'yan wani dangin furotin ne mai suna BMP, dangin da mu ma muke da shi a jikinmu, a ƙashi ma aka fara gano shi. A fatar uwar sel akwai masu karɓar saƙon, manyansu Tkv da Punt. Da Dpp ya sauka a kansu sai su ɗosana wa wani furotin na ciki mai suna Mad ɗan fosfet, shi kuma Mad ya haɗu da abokinsa Medea su shige cibiyar sel inda DNA take, su je su zauna daram a kan wani ɗan yanki na ƙwayar gado mai suna bam su kulle ta. Bam ɗin nan ita ce mai cewa tashi ki kama hanya. Dennis McKearin da Spradling ne suka fito da ita a 1990, a 2003 kuma Dahua Chen da McKearin suka nuna ainihin wurin da Mad ke zama a kanta. Toh kun ga lissafin, wadda ke jingine da hula tana shan Dpp, bam ɗinta a kulle, ta zauna uwa. Wadda aka tura baya Dpp bai ishe ta ba, bam ta buɗe, tafiya ta kama. Ku lura fa, gurbin ba umarnin zama uwa yake bayarwa ba, hana tafiya kawai yake yi.

Ba da baki aka faɗa ba, gwadawa aka yi ta kowace fuska. Aka lalata masu karɓar Dpp a cikin uwar sel, sai ta bar gurbi ta zama ƙwai, silin ya ƙafe. Aka sa jameriyom ya riƙa fitar da Dpp fiye da kima, sai 'ya'yan suka ƙi balaga, suka yi ta rabuwa suna taruwa har wurin ya cika maƙil da sel masu kama da uwa, wato ciwon ƙari kenan, kuma ko ƙwai ɗaya babu. Ƙudan da aka lalata wa bam ma haka gidan ƙwanta ke cika da irin wannan ƙarin. Wanda ya fi burge ni shi ne na Benjamin Ohlstein da McKearin a 1997, suka ɗaura bam a kan wani makunni da zafi ke kunnawa, suka sa ƙudan a ɗumin digiri 37 na ɗan lokaci, bam ta kunnu a cikin uwar sel alhali tana zaune a gurbinta tana shan Dpp, kuma duk da haka ta tattara ta tafi. Wannan ya nuna babbar hidimar Dpp a kan kulle bam ta ta'allaƙa.

Saƙo kaɗai bai isa ba, sai da abin riƙewa. A 2002 Xiaoqing Song da Xie, wanda a lokacin ya koma Cibiyar Stowers a Kansas City, suka nuna cewa akwai wani furotin mai danƙo, E-kadirin, da ke taruwa a daidai inda uwar sel ta haɗu da 'yan hula. Cire shi, ko da Dpp na nan, uwar sai ta sulale ta bar wurin.

Yanzu ga inda ni a ganina abin ya fi zurfi. Dpp furotin ne da ke yawo, a fukafukin wannan ƙudan dai idan ana ƙera shi Dpp yakan ratsa sel da yawa ya isar da saƙo nesa. Toh yaya aka yi a nan bai wuce faɗin sel ɗaya ba? Ka ɗauka kaskon wuta ne a daren hunturu, na layin gaba ke jin ɗumi, na bayansa sanyi yake sha, sai dai a nan ba a bar abin haka kawai ba, an yi ta kafa shinge bayan shinge. 'Yan hula suna da wani furotin a fatarsu mai suna Dally da ke riƙe Dpp kusa da su. Akwai wani furotin mai kama da zare, kolajin nau'i na 4, a kewayen gurbin wanda shi ma kama Dpp yake ya hana shi yawo, Hilary Ashe da abokan aikinta a Manchesta suka nuna haka a 2008, da suka rage kolajin sai yawan uwar sel ya ƙaru saboda saƙon ya tsallaka. 'Yan rakiya kuma suna ɗauke da nasu Tkv ɗin da ke tsotse duk Dpp ɗin da ya ɓalle, sannan su 'ya'yan da ke wucewa suna aika wa 'yan rakiya saƙo ta hanyar wani mai karɓar saƙo mai suna EGFR cewa kada su kuskura su yi Dally. Har ita uwar ba zama take ta jira ba, a 2019 ɗakin binciken Ashe ya nuna tana zura wasu 'yan siraran yatsu cikin tsakankanin 'yan hula tana karɓo Dpp daga tushe.

Kuma ita 'yar da kanta toshe kunnenta take yi. Da zarar ta ɗan matsa, wasu furotin biyu, Fused da Smurf, sukan kama Tkv ɗinta su kai shi a narkar, aikin da Dahua Chen ya fitar a Beijing a 2010. Ga kuma wata sarƙa a ciki mai kyan gaske. A cikin uwa akwai wasu furotin biyu, Nanos da Pumilio, su biyun suna danne saƙonnin balaga kada a juya su zuwa furotin, cikin waɗanda suke dannewa har da wani mai suna Brat. Toh a cikin 'ya idan Bam, wato furotin ɗin da ƙwayar gadon bam ke samarwa, ya fito sai ya haɗu da abokinsa Bgcn su kawar da Nanos, da Nanos ya kau sai Brat ya samu sarari, shi kuma Brat ya juya ya hana a ƙera Mad, babu Mad kuwa babu mai kulle bam ko da Dpp ya iso, sai Bam ya ƙara yawa, ya ƙara kawar da Nanos, haka abin ke zagayawa yana ƙarfafa kansa. Ɗan bambanci ƙanƙani na wurin zama sai ya koma hukunci yankakke. Gaskiya ni abin da na fi jinjinawa a nan shi ne ƙoƙarin da ake yi wajen kashe saƙon ya fi wanda ake yi wajen aika shi yawa, kuma dalili a fili yake tunda mun ga abin da ke faruwa in ya yoyo, ƙari ne da rashin haihuwa.

Uwar sel ba ta dawwama. A cikin sati 4 zuwa 5 kusan rabinsu sun bar gurbi, ita kuwa ƙudar a kwalba takan kai wata biyu a raye, amma ba za ka ga gurabun sun zama wayam ba. A 2000 Xie da Spradling suka gano dalili, suka yi wa uwa ɗaya alama suka sa ta fita da wuri suka zuba ido. Maƙwabciyarta sai ta sauya yadda take rabuwa, maimakon a miƙe sai ta rabu a kwance a jikin hular, 'ya'yan biyu duk suna taɓa hula, duk biyun suka zama uwa. Sel ɗin da da an tura ta baya da ƙwai za ta zama, yanzu don kawai ta faɗa a gurbi ta zama uwa. Wannan aikin ne ake yawan ambata a matsayin hujjar da ta tabbatar da maganar Schofield.

Toshie Kai da Spradling suka ƙara gaba. A 2003 suka kwashe duk uwayen suka bar gurbi fanko, sai ga shi gurbin bai mutu nan take ba, ya ci gaba da fitar da Dpp, har wasu sel na daban da ba na ƙwai ba da suka matso wurin suka amsa saƙon suka yi ta rabuwa. A 2004 kuma suka nuna abin da mutane da yawa ba su zata ba, tarin sel da ya riga ya kai 4 ko 8, wato ya yi nisa a hanyar zama ƙwai, yana iya wargajewa, ƙofofin su rufe, kowace sel ta koma uwa mai aiki. Ashe hanyar ba mai zuwa kawai ba ce, in hali ya yi ana dawowa.

Akwai ɓangaren da ke tayar da hankali kuma. Gurbi ɗan ƙarami ne, don haka ana gasa a kansa. A 2008 ɗakin binciken Xie ya haɗa uwa lafiyayya da uwa mai lalatacciyar bam a gurbi ɗaya, sai mai lalurar ta tara E-kadirin fiye da 'yar uwarta, ta manne da ƙarfi, ta ture lafiyayyar waje ta mamaye wurin. Sel ɗin da ba za ta taɓa haifar da ƙwai ba ita ce ta ci gasar. Duk mai tunanin yadda ciwon daji ke farawa a hanji ko a jini, inda sel guda mai lalura ke cinye gurbin 'yan uwanta a hankali kafin a ga wata alama, dole wannan ya tsaya masa a rai.

Toh su 'yan hular wa ke iko da su? Yawansu wani saƙo mai suna Notch ne ke tsara shi tun ƙudar tana tsutsa, kuma da aka kunna Notch fiye da kima sai 'yan hula suka yawaita, uwayen sel ma suka yawaita tare da su. Zaren ƙarshe kuma yana aika musu wani saƙon ta hanyar wasu furotin masu suna JAK da STAT da ke sa su fitar da Dpp. Akwai kuma wata ƙwayar gado mai suna Piwi, wadda Haifan Lin ya gano a wannan gidan ƙwan a ƙarshen shekarun 1990 saboda in babu ita uwayen ƙarewa suke, daga baya ta buɗe wani babban fage na ƙananan RNA, wasu 'yan uwan DNA, masu tsare DNA ɗin sel ɗin haihuwa, har a jikin mutum.

Amma gurbi ba shi kaɗai yake yanke shawara ba, yana sauraron sauran jiki, kuma babu inda wannan ya fi bayyana kamar wajen abinci. A 2001 Daniela Drummond-Barbosa, 'yar asalin Barazil, tare da Spradling suka raba ƙudaje biyu, wasu aka ba su yis mai furotin, wasu aka bar su da zaƙi kawai. Bambancin yawan ƙwan da suka saka ya kai ninki 60. Saurin rabuwar uwar sel ya ragu kamar ninki 4 a wajen masu yunwa, ragowar bambancin kuma daga hanya yake zuwa, wasu tarin sel ɗin ana kashe su tun a cikin jameriyom, wasu kuma a mataki na 8 daidai lokacin da za a fara zuba gwaiduwa, wato kafin a kashe kayan da babu. In aka dawo da yis cikin 'yan kwanaki komai ya farfaɗo. Yaya uwar sel ta san an ci ko ba a ci ba? Insulin. Ƙuda na da irin nasa insulin ɗin da wasu sel a ƙwaƙwalwa ke fitarwa, kuma a 2005 ɗakin binciken Drummond-Barbosa ya nuna kai tsaye yake sauka a kan uwar sel ya ce ta yi sauri. A 2009 suka ƙara nuna cewa insulin ɗin yana aiki a kan 'yan hula ma, yana riƙe da Notch ɗinsu da danƙon E-kadirin, in ya yi ƙasa na dogon lokaci 'yan hula sai su ragu, uwaye su bi su. Saƙo ɗaya, hanya biyu, ɗaya ta sauri ɗaya ta yawan gurbi.

Barbara, wato saduwar namiji da mace, ita ma na da nata tasirin. A maniyyin namijin akwai wani ɗan furotin da ke taɓa jijiyoyin macen, a 2016 Tomotsune Ameku da Ryusuke Niwa a Jami'ar Tsukuba ta Japan suka nuna wannan yana sa wani sinadarin jikin ƙwari mai suna ekdison ya ƙaru a gidan ƙwai, yawan uwar sel ya ɗan hau. Tsufa kuwa ta ɓangare biyu yake ci, ɗakin binciken Xie ya nuna a 2007 cewa a tsohuwar ƙuda 'yan hula sun ragu, saƙon BMP ya yi rauni, danƙon ya saki, kuma da suka ƙara saƙon ko danƙon da dabara sai uwayen suka ƙara daɗewa a gurbi. Wato ba uwar kaɗai ke tsufa ba, gidan ma tsufa yake.

A nan ya kamata a taka a hankali, kada wani ya ɗauki wannan ya ɗora wa mace 'yar Adam. Abin da akasarin masana suka tsaya a kai shi ne mace da ƙwanta ake haihuwarta, kamar miliyan 1 zuwa 2, daga nan raguwa kawai suke yi, babu irin wannan uwar sel ɗin mai ƙera sabon ƙwai kullum. Namiji ne ke da makamancin wannan tsarin a marainansa. Kuma BMP ɗin da ke hana balaga a ƙuda, a hanjin mutum akasin haka yake yi, shi ke tura sel su balaga, har akwai wata cutar tsiro a hanji da ake gado wadda lalacewar hanyar BMP ke kawowa. Abin da ya ratsa ko'ina shi ne tsarin, gurbi ƙarami, saƙo mai gajeren zango, danƙo, gasa, da kunnen da ke sauraron abinci da shekaru.

Mu da sikila ta addaba mun san wannan tsarin ta wata ƙofar. A dashen ɓargo, sai an fara ba majiyyaci magani mai ƙarfi da zai kwashe nasa uwayen sel ɗin na jini, a samu gurabu fanko, sannan a ɗura masa na mai bayarwa ta jijiya kamar ƙarin jini, su bi jini su nemo ɓargo su zauna. In ba a buɗe musu wuri ba ba su da wajen zama. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga ana tallan wani gari ko ƙwayoyi a WhatsApp da Facebook wai sitem sel ne na tuffa ko na inabi, wai yana maganin ciwon suga da ƙoda da sikila da rashin haihuwa, ana karɓe kuɗin bayin Allah da ciwo ya riga ya tatike. Sel ɗin tsiro da aka busar aka niƙa, ciki narkar da shi zai yi kamar kowane abinci. Uwar sel ta gaskiya mun ga faɗin sel ɗaya kawai za ta matsa daga gurbinta ta daina zama uwa, kuma mun ga yawaitarta ba bisa ƙa'ida ba ƙari ne ba lafiya ba.

A jameriyom ɗin dai akwai wasu uwayen na biyu can ƙasa kaɗan, masu haifar da sel ɗin da ke lulluɓe tarin 16 ɗin nan su yi masa ɓawo. Su saƙonninsu daban ne, Hedgehog da Wingless na cikin manya, kuma masana sun yi saɓani a kan yawansu, tun 1995 ɓangaren Spradling na cewa guda 2 ne, a 2017 ɗakin binciken Daniel Kalderon a Jami'ar Kolombiya ya ce 14 zuwa 16 ne masu yawan musayar wuri.

Sai wani baƙo da shi ma ya gano amfanin gurbi tun kafin masana. Wolbachia wata bakteriya ce da ke zaune a cikin sel ɗin ƙwari da yawa, ita ce ma ake sa wa sauro a wasu ƙasashe don rage yaɗuwar zazzaɓin dengi. Ta ƙwai kaɗai take wucewa daga uwa zuwa 'ya'ya, namiji ba ya yaɗa ta, don haka duk abin da zai ƙara yawan ƙwai ribarta ce. Horacio Frydman ya nuna a 2006 cewa in ta shiga jikin ƙuda gurabun uwar sel na gidan ƙwai take nufa ta taru. A 2011 ɗakin bincikensa a Jami'ar Boston ya duba wani nau'in Dirosofila na tsibirin Morishos, inda bakteriyar ke cika gurbin uwar sel ta ƙwai, suka tarar uwayen sun fi saurin rabuwa, mutuwar sel a jameriyom ta ragu, kuma macen da ke ɗauke da ita tana saka ƙwai kusan ninki 4 na wadda ba ta da ita.